Marlys da 'Yan Hutun Bakin Tafki

Marlys Heikkinen ta samu muƙaminta ne albarkacin ciwon haƙori. Ranar da hukumar makarantun gundumarmu ta zauna naɗa wanda zai kula da haƙƙin ɗalibai marasa matsuguni, kamar yadda doka ta wajabta, Marlys tana kujerar likita baki buɗe. Duk wanda ya halarci taron yana da uzuri mai ƙarfi, sai aka zaɓi wadda ba ta nan, ba hamayya.

Dama ita ce sakatariyar sakandarenmu, 'yar mai haƙar tama, mijinta ya rasu, kuma ta fi son kifi a kan mutane, ba ta ɓoyewa. Aka ba ta takardun sanarwa masu tambayar "Ba ku da gida?" ta manna su a shagon wanki da ɗakin karatu. Ko mutum ɗaya bai zo ba. A nan arewacin Michigan gara mutum ya ce ba shi da hankali da ya ce ba shi da gida. Mai kwana a falon ƙanwarsa ziyara ya zo. Na otel mai arha gyaran gida ake masa. Waɗanda ke sansanin shaƙatawa na bakin tafki kuwa hutu suke yi, ko da ganye ya gama zuba.

Ana nan sai wani dattijo tuzuru, Arvid Lindgren, ya bugo waya ofis.

"Marlys, lafiyar 'yata nake son ji."

"Kai Arvid! Yaushe ka haihu ba mu ji ba?"

Ashe gidan da ya saya hannun banki da bazara ne ya zo masa da 'ya. Kullum da safe wata tsohuwar mota takan sauke yarinya a kwanar layin, ta tako ta tsaya a ƙofarsa. In motar makaranta ta iso, sai ta juya ta ɗaga wa tagarsa hannu ta ce, "Mama, sai na dawo!" Da farko ɓuya yake bayan labule. Daga baya ya ga rashin ladabi ne, ya fara mayar mata. To ga shi an kwana biyu ba ta zo ba.

Yarinyar Corinne Pelkie ce, 'yar ajin ƙarshe, wadda iyayenta suka rasa gidan. Fashinta ya kai inda in ta ƙara kaɗan, ba za ta karɓi takardar kammalawa tare da 'yan ajinsu ba.

Da Marlys ta bincika, sai ta ji suna sansanin bakin tafki. Ta kuma san motar hukuma ba ta da amfani sai sa mutane su rufe ƙofa. Ran Asabar ta ɗauki a-kori-kurarta da sandar kamun kifi da burodi mai nama da dankali, ta nufi tafki. Ta yi zamanta kusa da wani ɗaki mai taya, gefensa mota ce da ta mutu, bakinta a ɗage. Uwar yarinyar, Rhonda, ta leƙo sanye da riguna uku.

"Sannu da hutawa, maƙwabciya," in ji Marlys.

"Yawwa. Mun ɗan fito shan iska ne."

"Ai kuwa kun dace, ga ta nan har da ƙanƙara."

Rhonda ta ƙura mata ido. "Na gane ki. Ke ce ta ofis."

"Yau ta kifi ce. Zo ki ci, da zafinsa."

"In 'yata kika zo ɗauka, sai dai ki bi ta kaina."

"Me zan yi da 'yarki? Nawa biyun ma da ƙyar na rabu da su."

Burodin ya fi Marlys iya lallashi. Kafin ya ƙare Rhonda ta amayar da komai. Sansanin yana bayan iyakar gunduma. In makaranta ta sani, a ganinta, za a kori Corinne a shekarar ƙarshe, sannan a turo masu ƙwace yara. Shi ya sa take kai ta tsohon gidansu kullum, har motar ta gaji ta ce ba da ita ba.

Marlys ta ajiye sanda. "Baiwar Allah, wata da watanni kina ƙona mai kina satar abin da yake naki? Doka ta ce yaron da ya rasa gida yana da ikon zama a makarantarsa, ko ina ya koma kwana. Hukuma ce za ta kawo shi, ta ciyar da shi kyauta. Kuma rasa gida kaɗai bai isa a raba uwa da ɗanta ba."

"Amma mu ba marasa gida ba ne."

"Ni ma ban ce ba. Ki ci gaba da hutunki, direba ba ya tambaya."

Abin da ya fi ƙona wa Rhonda rai, ta faɗa daga baya, shi ne ƙwarewar da ta yi a laifin da babu shi.

Corinne tana bakin ƙofa tana ji. "Kowa zai gani ke nan," ta ce.

Marlys ta ce, "Ba dole ba, 'yata. Sai a fara ɗaukar ki kafin kowa ya shiga. Ko ki tsaya a bakin titi kamar mai jiran wani."

Yarinyar ta daɗe tana kallon can ƙarshen sansanin, inda wasu tantuna ke ƙarƙashin itatuwa.

"A'a. Motar ta shigo har ciki, ta yi oda. Akwai yara a can baya, tun bazara ba su ga aji ba. Uwarsu ta ce takardunsu sun ɓace."

"Doka ta ce a shigar da su tukuna, a nemi takardu daga baya."

"To ki bar min wannan, ni zan tattaro su," in ji Corinne.

Shugaban sufurin makarantu ya yi bayani mai tsawo kan dalilan da suka sa abin ba zai yiwu ba. Marlys ta saurare shi da girmamawa har ƙarshe, sannan ta tambaye shi wace mota ce za ta je.

Ran Litinin doguwar mota mai ruwan ɗorawa ta shigo tsakanin itatuwa tana oda kamar ta ɗauko gwamna. Corinne tana tsaye tsakiyar hanya, bayanta jerin yara an wanke su an taje, ƙaramin cikinsu riƙe da jaka da ta fi shi girma. Masu hutu suka firfito da kofunan kofi, wasu suna tafi, wani tsoho yana buga murfin tukunya.

A watan Yuni, da aka kira sunan Corinne Pelkie a ɗakin taro, Rhonda ta haye kujera, ta sa yatsu biyu a baki ta yi fito har fitilu suka amsa. Shugaban makaranta ya roƙe ta ta sauko. Ta ce ita yanzu ba ta motsi sai ta ji abin da doka ta ce. Aka waiwaya wajen Marlys. Ta yi ɗan tunani, ta ce iya saninta babu sashen da ya hana.