Motar da Ba Ta da Ƙofa

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Ɗambatta, ni da surukata da ƙanena. Ranar za a yi gwanjon motar ɗana marigayi, don a raba gado.

Makanike ne shi. Shekara shida yana ƙera ta a garejinsa, yana duba hoton wata tsohuwar motar tseren Amurka da ya yanko a kalanda. Shuɗiya ce, da ƙatuwar lamba a gefe. Ƙofofin kuwa ya liƙe su da walda, wai haka ta asalin take, ta taga ake shiga. Ba irin roƙon da bai yi mini ba, in zo ya zaga da ni. Na ce ni ba ɓarauniya ba ce da zan shiga ta taga. Har Allah ya karɓi abinsa ban je ba.

Daga Watari zuwa Bagwai gonaki kore shar, masu noman rani na ta loda kwandunan tumatir. Direba ya cusa mu huɗu-huɗu, ya kuma ƙara kuɗin mota. Na faɗa masa abin da ya dace da shi. A tasha muka sayi ƙosai, ƙanana kamar goro. Surukata, matar marigayin, ko taɓawa ba ta yi ba.

Mun tarar jama'a sun kewaye motar a filin gaban garejin, mai gwanjo na kaɗa ƙararrawa, ana ta tayi. Wani Alhaji mai ɗakin taron biki a Kano ya fi kowa, aka sallama masa. Wai amare za su riƙa ɗaukar hoto a jikinta.

Na matsa na ce, "Alhaji, kafin ka tafi da ita, zan shiga."

"Inna, ai ba ta da ƙofa."

"Na riga ka sani. A kawo benci."

Mazan suka juya baya. Na taka, surukata ta tallafe ni, na zura da ƙyar. Kujeru biyu na tarar, ɗaya an lulluɓe ta da tsohon zanena da na daɗe ina cigiya.

Surukata ta leƙo ta ce, "Inna, ta asalin kujera ɗaya ce da ita. Wannan don ke ya sa."

Alhajin ya zaga da ni filin sau biyu, a hankali. Ƙararta ta yi yawa, ba wanda ya ji kukana.

Kafin magariba mun iso gida, zanen na ƙunshe a hammatata. Ku iyaye, in ɗanku ya ce ku zo ku ga abin da ya yi, ku tashi ku je, ko da ta taga za ku shiga.