Inna Raisha, macen da ta riƙe makullin hatsinmu

Inna Raisha ta rasu. Da safen nan aka kira ni daga Korgom, har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Yaran yanzu sun san ta tsohuwa mai sayar da kuka a bakin kasuwa. Ni na san ta a shekarar babban fari, zamanin soja, ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyensu.

Hatsin taimako ya zo, komanda ya ce gari ya zaɓi wanda zai riƙe makullin magaza, ɗakin ajiyar hatsin. Zaɓen lokacin ba takarda, ba ɓoyo. Wanda kake so, bayansa za ka tsaya, kowa na kallonka.

Mata suka turo Inna Raisha. Nan fa dandali ya ɗauki surutu. Wani dattijo ya ce, “Mace, kuma Buzuwa? Danginta na daji za ta kwashe ma hatsin!” Alhali a garin aka haifi kakanta.

Ni mai ilimin boko, ina na tsaya? Bayan ɗan'uwan mai gari, abokin takararta. Kunyarta na nan tare da ni har yau.

Layinta ya fi namu tsawo, ta karɓi makulli.

Ta ƙi auna wa masu gida, don ta san wasu kasuwa za su nufa da shi. Gida-gida ta bi tana duba murhu, duk mai girki a zuba mata a ƙwaryarta. Maza suka yi ta kumfar baki, ko a jikinta. Bahaushe, Bafillace, Buzu, tiya ɗaya ce. Nata rabon sai kowa ya tashi take ɗauka.

Matata na jego a lokacin. Kullum sai ga ɗan nonon akuyarta guda da ta rage, ba ta taɓa tuna mini inda na tsaya ba.

Mun ga damina da ranmu. Ina alfahari da garin da ya fi malaminsa hankali.

Ganinmu na ƙarshe bara ne, a tashar Tasawa. Na ce mata 'yata na neman shugabancin ƙungiyar manoma, ina ta yawo ina cewa a zaɓe ta, lokacin mata ne.

Ta yi dariya har da tari, ta kira ni yadda ake kiran malaman lakwal. “Mushe, har yanzu ba ka warke ba? Jiya ka ƙi ni don ina mace, yau kana son a ɗauki ɗiyarka don tana mace. In ta iya, hwaɗa masu abin da ta iya. In ba ta iya ba, bar ta gida.”

Na ɗaukar mata buhunta zuwa mota.

Allah Ya gafarta miki, Inna, Ya ciyar da ke kamar yadda kika ciyar da mu ba tare da tambayar asalinmu ba. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'arsa yau.