Mukullin da Ke Cikin Kwamfutar Ajinmu

Na haura shekara arba'in lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Kontagora. Kwamfuta ɗaya gare mu, irin ta kan tebur, kuma ranar Asabar kaɗai ake barin mu mu taɓa ta. A kanta nake koyon buga wasiƙa da yatsa ɗaya.

Wata rana malaminmu ya zo sa mata sabuwar manhaja, ta ƙi karɓa, ta fito da wani rubutu na Turanci. Mu a ajinmu duk abin da aka sa a gabanmu kwafewa muke yi, ko mun gane ko ba mu gane ba. Na kwafe. Malam ya ce wani ɗan mukullin tsaro take nema, mai suna TPM, da ke manne a allon cikinta.

Aka kira wani mai gyara daga kasuwa, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Ya kwance murfi, ya hura, ya goga da buroshin haƙori kamar wayar da ta faɗa ruwa. Har ƙwanƙwasa ta ya yi. Sannan ya ce babu mukullin, sai dai ya tafi da ita shagonsa. Kowa ya san shagon nan. Rediyon maƙwabcina damina biyu ke nan yana can.

Don ya burge mu, ya kunna ta ya shiga wani shuɗin shafi na saitunan cikinta, yana wuce layuka kamar an biyo shi.

Na ce, "Injiniya, dakata. Koma baya."

"Baba, wannan fa ba a-ba-ca-da ba ce."

"Na sani. Koma dai."

Ya koma yana tsaki. Na ɗora yatsa a gilashin ina bin layi ɗaya bayan ɗaya, littafina a ɗaya hannun. Na daɗe. Injiniya ya zauna, ya tashi, ya amsa waya. Can ƙasa sai ga haruffan nan uku da na kwafe, TPM. Malam ya duba kalmar da ke gefensu, ya ce ma'anarta a kashe yake.

Na ce, "To, a kunna mana."

Dannawa biyu aka yi, manhaja ta shiga.

Injiniya ya ce, "Ai dama nan zan zo."

Kwamfuta ta zauna a ajinta. Shi kuwa ya hau babur ɗinsa da kusoshin murfin a aljihu, har yau da tsinken waya muke ɗaure murfin.