Zanen da Aka Ajiye a Kan Tabarma

Tun bayan da masaƙun Kakuri suka tsaya da aiki, mu matan da muka ci abinci daga can, ko ta hannun mazajenmu ko ta hannunmu, muka samo wa kanmu wata al'ada. Duk shekara idan 'yan makaranta suka yi dogon hutu, sai mu ɗaure ƙyallayenmu mu tare a gidan wata Hajiya a Trikania, mu yi 'yan kwanaki muna ɗinka bargon haɗi. Guntayen atamfa da shadda ake yankawa daidai da juna, a jera su a haɗe da ɗinki, a sa soso marar kauri a tsakiya, a yi shafi a baya. Gidan Hajiya babba ne, 'ya'yanta duk sun watse, ita ma tana son hayaniyar.

Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka ɗinkin ne ke kai mu. Ni dai abin da ke kai ni shi ne in farka da safe babu mai tambayata ina silifas ɗinsa. A falo muke kwana kan katifu, kuma kullum da safe sai an yi shari'ar munshari, kowa ta rantse ba ita ba ce. Masu salla mu yi salla, 'yan'uwanmu Kirista su yi addu'arsu da waƙa a baranda, sannan a haɗu kan kunun gyaɗa. Daga nan sai ƙarar kekunan ɗinki na ƙafa, don wutar lantarki ba abar dogaro ba ce. Ana ɗinki ana zancen ciwon gwiwa da surukai da tsadar zare, kuma duk wadda layinta ya karkace za ta sha tsiya har la'asar.

Muna da doka ɗaya. A ƙarƙashin rumfar tsakar gida akwai babbar tabarma, duk ƙyallen da aka ajiye a kanta ya zama na kowa. Ba a tambaya, ba a neman izini. An kafa ta ne saboda a farko mai shadda takan rungume kayanta, mai tsohuwar atamfa ta zauna tana jin kunya. Ita kuma sabuwar zuwa takan zaɓo mafi kyawun abin da take da shi ta ajiye a kan tabarmar, gaisuwarta ke nan ga taro.

Mai yanka ɗaya ce, wata dattijuwa Kirista daga Kudenda, asalinta kudancin Kaduna, wadda ta daɗe tana aiki a masaƙa. Mama Almakashi muke ce mata. Da ɗan kwalinta na awo da alli, kafin ki juya ta mai da zani guntaye.

A shekarar da nake ba da labari na tafi da maƙwabciyata ta Unguwar Sanusi. Ta girmi babbar 'yata kaɗan, Yaya take ce mini. Mahaifiyarta ta rasu a farkon shekarar, tun daga nan ta rage fita, ta rage magana. Ni na lallashe ta ta zo ta sha iska. A cikin Napep na gaya mata komai: ta riƙe bokitinta, kada ta zauna a kujerar Hajiya, kada ta biye wa masu tsiya. Dokar tabarma ce kaɗai ban faɗa mata ba. Na saba da ita har na manta abar faɗa ce.

Mun isa ana kiran azahar. Ta ga tabarma shimfiɗe da kaya a kai, sai ta ajiye ƙullinta ta kwance shi ta zaro hijabi, ta wuce alwala. Bayan salla Hajiya ta riƙe ta a ɗaki tana mata ta'aziyya, ta sa mata abinci.

Ina kan keke na ji Mama Almakashi ta ce, "Kai! Wa ya kawo wannan?"

Zanen saƙi ne ta ɗaga, baƙi mai ratsin fari, irin na da, rinin shuni, ya yi laushi don tsufa.

"Baƙuwar Unguwar Sanusi ce," in ji wata.

"To wannan ta san gaisuwa. Ku dubi saƙa, jama'a. Yanzu ko da kuɗinki ba ki samun irinsa."

Tana yabo tana yankawa. Mata suka yi ca, kowa na miƙa hannu. Ni ma na karɓi rabona, har ina alfahari a raina cewa baƙuwata ta fitar da ni kunya.

Da maƙwabciyata ta fito, ta tsuguna ta duba ƙullin, ta sake dubawa. Sai ta zo kaina ta ce a hankali, "Yaya, ina zanen da ke cikin ƙullina?"

Kafin in amsa idonta ya faɗa kan abin da ke ƙarƙashin allurata. Na riga na haɗa guntun da jar atamfa. Ba ta yi ihu ba. Ta sa yatsa ta shafa shi.

"Na Inna ne," ta ce. "Shi ne rabona a kayanta. Tsakiyarsa ta fara mutuwa, na kawo ne ku sa masa shafi."

Kekuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Mama Almakashi ta saki almakashi, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Yesu. 'Yata, ni ce na yanka. Da hannun nan."

Wata 'yar Makera, mai saurin baki, ta ce, "To ai a kan tabarma aka same shi, kuma doka..."

"Rufe mana baki," in ji Hajiya daga ƙofar ɗaki. "Dokar aya ce? Mu muka yi ta."

Maƙwabciyata ta ɗaure sauran kayanta ta nufi ƙofar gida. Na bi ta ina cewa laifina ne, ban gaya mata ba, amma ba ta ko dube ni ba. Hajiya ta sha gabanta ta ce ta yi haƙuri ta ba mu zuwa gobe.

"Ku yi masa me, Hajiya? Ku sake saƙa shi?"

Ba ta tafi ba dai, ba ta kuma dawo cikinmu ba. Ta zauna a benci kusa da ƙofa da ƙullinta a cinya.

Mama Almakashi ta ɗauki faranti ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Wadda ba ta ɗinka nata ba ta zuba, wadda ta ɗinka ta ɗauki reza ta fara farkewa. Saƙi ba atamfa ba ne, da an ja shi da ƙarfi sai bakinsa ya zaizaye, don haka zare ɗaya-ɗaya muke tsinkewa. Aka share tabarmar tas, aka fara jera guntayen ana bin ratsi. Nan muka maƙale, don ratsin duk iri ɗaya ne, kuma babu wadda ta kalli zanen da kyau kafin a yanka. Sai gardama ta tashi, wannan ta ce nan, waccan ta ce can.

Muna cikin haka muka ji murya daga benci. "Ba nan yake ba."

Muka juya. Ta taso, ta tsaya a bakin tabarma tana nuna wani guntu mai 'yar ƙuna.

"Wannan na ƙasa ne, ta dama. Garwashi ne ya faɗa masa tana hura wuta. Wancan mai koɗewa na tsakiya ne, inda take zama."

Ta cire takalmi ta hau tabarmar. Ita ke cewa a sa nan, a juya wancan, mu muna bi. Ta san inda aka taɓa yi masa faci, ta san gefen da ake sokewa a ƙugu. Da aka gama sai ga gurbi ɗaya babu kowa.

Mama Almakashi ta dubi 'yar Makera. "Tashi tsaye, 'yar'uwa."

"Ni? Me na yi?"

"Tashi dai. Tun ɗazu kike zaune kamar kaza kan ƙwai."

Ta tashi, ga guntun a ƙarƙashinta. "Wallahi ajiye mata na yi kada ya ɓata!"

"Allah ya saka da alheri, mai gadi," in ji Hajiya.

Aka fashe da dariya. Maƙwabciyata ma ta rufe baki da gefen hijabi, hawaye na zuba.

Da hannu muka ɗinke shi, don keke zai cinye saƙin. A shekarar babu wadda ta gama bargonta, duk muka zauna kewaye da zane ɗaya har ranar tashi. Muka sa masa farin shafi mai laushi kamar yadda ta so tun farko. Sai dai kowane haɗi ya ci ɗan baki, zanen ya tsuke, ba zai ƙara zagaya ƙugun babban mutum ba. Layukan ɗinkin kuma suna nan a fili, duk ƙoƙarinmu.

Da aka shimfiɗa shi ranar tashi, sai na ce, "Wallahi har ya fi da kyau."

"Kada ki ce haka, Yaya," ta ce. "Bai fi ba."

Gaskiyarta ce. Kaina nake nema wa sauƙi.

Ta ninke shi da kanta. Sannan ta juya wajen Mama Almakashi, wadda tun ranar ba ta iya haɗa ido da ita ba.

"Mama, na yafe. Na ji an ce kina yanka kina yabonsa. Inna da ta ji daɗin wannan, ita ta zaɓi zarensa." Ta ɗan dakata. "Zare-zaren da suka zube wajen farkewa fa, an share su?"

Mama Almakashi ta kwance bakin zaninta. Ashe tun ranar take tsince su ɗaya-ɗaya tana ƙullewa, baƙi da fari, ba su cika tafin hannu ba. Ta zuba mata. Maƙwabciyata ta sa su a tsakiyar ninkin, ta rungume zanen a ƙirji, ta ce mini mu tafi kafin hadari ya haɗu.