Ranar da Na Yi wa Kifi Addu'a

Na ga abubuwa da yawa a duniya, yawancinsu sun fita daga kaina. Wannan kam har a sa ni a kabari ba zai fita ba.

A ƙarshen shekarun tamanin ina dakon kaya a wani sito a Tottenham, wata unguwa a Landan. Bizata ta daɗe da mutuwa. Dokata ɗaya ce: kada in yi abin da zai sa ɗan sanda ya tambayi sunana. Ba na faɗa, ba na gardama, ko jirgin ƙarƙashin ƙasa na shiga kaina a sunkuye yake.

Wata rana foman ɗinmu ya yi booking ɗin mota, ya ce za a kai ma'aikata kamun kifi a bayan gari. Ni ɗan masunta ne daga Yawuri, a cikin kwalekwale na yi wayo. Na ce yau Turawa za su ga aiki. Na ɗauki buhu da wuƙa.

Muka bar Landan, muka yi ta tafiya har ƙasa ta shimfiɗe, ba dutse ba tudu, sai ciyawa da tafkuna. Garin da muka sauka ƙarami ne, da baƙi yake ci. Wannan kanti ƙugiya, na gaba tanti, na gabansa takalman shiga ruwa. Har tsutsa sayarwa ake yi. Masu gidaje da hitar ɗumama ɗaki sun zo kwana a ƙasa, wai hutu. Na ce a raina, lalle ƙoshi ya yi wa mutanen nan yawa.

Wani dattijo mai gadin tafkin ya tara mu ya yi dogon bayani. Turancina a lokacin bai wuce na ɗaga da sauke ba. Na tambayi abokin aikina ɗan Gana, wanda ke yi mini tafinta, me ake cewa. Bakinsa cike da burodi ya ce, "Surutu ne kawai."

Wajen azahar igiyar ƙugiyata ta yi nauyi. Na sha fama kafin na fito da shi, ƙaton kifi kamar ɗan maraƙi. Jama'a suka taru, ana tafi, ana ɗaukar hoto, har a sikeli aka sa shi. Na buɗe ƙirji ina murmushi kamar angon jiya.

Sai dattijon ya miƙo hannu biyu wajen kifin. A wurinmu, in ka kama babba, sarkin ruwa ake fara yankar wa rabonsa, sannan waɗanda suka taya ka ja. Na ce ashe nan ma akwai tarbiyya. Na danne kifin da gwiwa, na zaro wuƙa.

Wata mata ta ƙwalla ƙara. Fuskar dattijon ta yi jawur.

Ɗan Gana ya riƙe mini hannu. "Ɗan'uwa, aje wuƙa! Kifi nan ba a ci. A kama, a yi hoto, a mayar."

Na ce, "To wahalar ta mece ce?"

"Har suna shi na da. Ya riga ka zuwa ƙasa nan, kuma shi takarda nashi daidai ne."

Muna wannan musu, kifin ya daina motsi. Dattijon ya nuna shi, ya nuna ni, ya faɗi kalma ɗaya da ba na bukatar tafinta: police. In ya mutu, waya zai buga.

Ban san lokacin da na sungumi kifin na faɗa tafkin da kayana ba. Ruwa har ƙirji, sanyi kamar ana yanka ni. Na sake shi, ya juya ciki sama. Na tallabe shi kamar jariri, ina tura shi gaba a hankali don ruwa ya ratsa masa. Ni da na tashi ina fasa kan kifi da kulki, sai ga ni ina cewa, "Ya Allah ka tashi kafaɗarsa. Haba bawan Allah, daure mana."

Ɗan Gana na bakin gaɓa yana cewa, "Ƙara addu'a, malam, bai ji ba! Ko a yi masa da Turanci?"

Haƙorana na kaɗawa, ina hango kaina a jirgin Legas da rigar da ke jikina kawai. Can na ji ɗan motsi a tafin hannuna. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya karkaɗa, ya sharara mini mari da wutsiya, ya nutse.

Aka sake tafi, wannan karon ba ni ake yi wa ba. Dattijon ya karɓe wuƙar, ya miƙo mini shayi daga filas ba tare da ya kalle ni ba. Waya dai ba a buga ba.

Tun daga ranar, ko sana'ar ubana na tarar ana yi a garin wasu, sai na tsaya na tambayi me suke nema da ita kafin in sa hannu. Kuma in ana bayani, ba na tambayar mai cin burodi.