Malam Kassimu da Disket na Uku

Duk mai bin hanyar kasuwar Sokodé, a ƙasar Togo, da hantsi ya san Malam Kassimu. Zai buɗe ɗan shagonsa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ya jera sukudireba, ya zauna. In aka kawo masa kwamfuta ba ya taɓa ta sai ya ji labarinta: wa ya kunna, me ta nuna, ina ta kwana. Masu gaggawa har alƙali suke ce masa. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, yanzu ido ya gaza, ya ce zai rufe shago. Kafin ya rufe, ga abin da Madam Memounatou ta gani da idonta.

Lokacin dogon yajin aikin 1993 ne, gari ba lafiya. A cikin tarzoma wuta ta cinye ɗakin takardun wata makarantar Zango, inda take sakatariya. Sunayen ɗalibai ɗari biyu da ranakun haihuwarsu ba su rage ko'ina ba sai cikin kwamfuta ɗaya tilo. In suka ɓace, babu mai zama jarrabawa a shekarar. Kwamfutar kuwa ta ƙi tashi. Aka ce a sake ɗora mata sistem, wato manhajar da ke tayar da ita, daga disket, ƙananan faya-fayan kwamfuta na zamanin. Disket na ɗaya ya shiga, na biyu ya shiga, na uku ya tsaya cak. Sau biyar ana haka. Wani mai ganin ya iya ya ce injin ne bai dace da sistem ɗin ba, a share komai a huta. Sai Memounatou ta je ta kira Malam Kassimu.

Kassimu ya duba injin ciki da waje, ya ga babu abin da bai dace ba. Sai ya tambayi daraktan makarantar, Malam Bukari, inda ake ajiye disket ɗin. Dattijon ya ce don tsoron masu binciken gida-gida ya ɓoye su cikin akwatin lasifikar masallaci, inda ba mai kai hannu.

"Baba, ka tsare su daga mutane, ka miƙa wa maganaɗisu," in ji Kassimu. "Ƙarfen cikin lasifika ne ya lalata na ukun. Kada kowa ya share komai sai na dawo."

Irin wannan disket sai garin Dapaong, can arewa mai nisa, wurin Safara'u mai buga takardu. Motocin haya ba sa tafiya. Ya hau bayan babbar mota mai zuwa Cinkassé ta Dapaong, shingen bincike bayan shingen bincike, ya kwafo, ya dawo a rana ta huɗu da abin cikin hularsa. Na uku ya wuce. Da sunaye suka bayyana, Memounatou ta karanta na farko, kuka ya hana ta na biyu.

Kai ne mai tambaya kafin ka taɓa, Malam Kassimu. Kai ne ka ƙi a share abin da ba a san yadda za a mayar ba. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Masu wannan sana'a, ku ɗauki halinsa: ku ji labari tukuna.

Ma'aikaciyar jinyar da ke ɗiga masa maganin ido duk Litinin tana cikin ɗaliban nan ɗari biyu. Ba ta san shi ne ya ceci sunanta ba, shi kuma bai taɓa gaya mata ba.