Agogon da Na Cusa a Buhun Shinkafa

A lokacin ni sabuwar zuwa ce Madina, ina aikatau a wani gida a unguwar Jurf, Larabcina kame-kame ne. Ba abin da nake tsoro kamar in yi laifi a soke iƙamata, wato takardar izinin zamana, a mayar da ni gida. A falon baƙi, kan wata kanta ta marmara, akwai tsohon agogo da kakan maigida ya zo da shi daga Turai. Aikin hannu ne, baƙin katako mai sassaƙar furanni, da ƙafafun tagulla irin na zaki. Ya tsaya tun rasuwar mijin tsohuwar gidan da muke kira Sitti, kuma an gargaɗe ni da baki da hannu kada in taɓa shi.

Wata Juma'a da za a yi baƙi, ƙurar da ke ƙarƙashinsa ta tsone mini ido, na ɗaga shi na goge na mayar. Ina juya baya sai na ji ƙas, ƙas, ƙas. Agogon mamaci ya tashi. Na karanta duk addu'ar da na sani, bai fasa ba. Na kira wata ƙawata 'yar Chadi da ke aiki a Uhudu, ta ce irin waɗannan tsofaffin kayan ba a rasa mutanen ɓoye a cikinsu, in nisanta shi da jama'a tun bai fara magana ba. Na naɗe shi a zanina, na kai sito, na cusa shi cikin buhun shinkafa.

Bayan an sauko daga masallaci, mata suna tsakiyar cin shinkafar kabsa, aka aike ni sito ɗauko dabino. Ina buɗe ƙofa buhun ya buga ƙararrawa, ras, har falo. Sitti, wadda sai an kama ta take miƙewa, ta taso da ƙafarta tana bin sautin, baƙi na biye da ita. Ta tura hannu cikin shinkafa ta zaro shi a naɗe da zanina. Ni dai na riga na fara tunanin jirgin Kano. Ta kara shi a kunne, hawaye na zuba, can kuma ta fashe da dariya ta ce, "Tun rasuwar Alhaji muke kewaye shi kamar kabari, ashe yunwa yake ji."

Mai gyara ya ce motsa shi da na yi ne ya tayar da shi, amma ya sha wahalar tsince shinkafa daga cikin haƙoransa. Ba a kore ni ba, sai dai kunyar ranar har yau ba ta sake ni ba.

'Yan'uwana masu aiki a gidajen mutane, abin da aka ce kada ku taɓa, ku bar shi da ƙurarsa. In kuma kun riga kun taɓa, ku faɗa wa masu gida, kada ku nemi shawarar wadda ta fi ku tsoro.